Idan Baba yace lafiyarsa ƙalau

Jama'a dan Allah mu daina musu da tsofaffinmu masu ciwon mantuwa, wanda muke cewa gigin tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum miliyan 55 ke fama dashi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wasu kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo musu.

Abin da ke haɗa faɗa a gidaje shine ciwon yana cin wajen da mutum zai gane cewa ya canza. Zaka ga Baba ya sha maganin hawan jini sau biyu da safe, ya ba mai shago dubu ɗaya ya taho bai karɓi canji ba, yana tambaya an yi la'asar alhali yanzu ya sallame, amma ka tambaye shi yace ai shi garau yake. Wallahi ba ƙarya yake ba kuma ba taurin kai bane, haka yake ji har ransa. Shi yasa in kun zo asibiti muke son a zo da wanda ke kwana gida ɗaya dashi, mu ji bakin kowa.

Lissafin kuɗi da girki da shan magani su ke fara lalacewa, wanka da sa kaya sai daga baya. To maganin ya koma hannun mutum ɗaya, gas ko risho kar a bar Inna dashi ita kaɗai, amma kar ku ƙwace mata komai ku zaunar da ita a ɗaki. In tana iya tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa ku miƙa mata faranti.

In ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta manta tace surukarta ce ta ɗauka, kar a tsaya rantse-rantse, ace Inna taso mu duba tare. Masu ce mata mayya kuma ku ji tsoron Allah.

Da magariba ruɗewar tafi tashi, wasu su fice wai zasu gida, ku saka musu takarda mai lambar waya a aljihu. Ruɗewar da ta zo kwatsam cikin kwana biyu kuwa, musamman da zazzaɓi ko zafin fitsari, wannan a kai shi asibiti a ranar.