Dalilan da ke sa mutane shiga kafafen sada zumunta

Kafafen sada zumunta dandali ne na intanet inda mutum ke buɗe shafi da sunansa, ya tara abokai ko mabiya, su riƙa musayar rubutu da hoto da murya da bidiyo. An fi ambaton SixDegrees, wanda aka buɗe a Amurka a 1997, a matsayin na farko. LinkedIn da MySpace sun fito a 2003, Facebook a 2004, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010. Dalilan shigarsu suna da yawa, amma akwai wanda ya rinjayi sauran: mutum yana shiga ne saboda mutanensa sun riga shi shiga.

Jama'a ke jan jama'a

Kafar sada zumunta kamar kasuwa take, ba kyan rumfuna ke sa ta ci ba, masu zuwa ne. Tarihin Facebook ya nuna haka. Da Mark Zuckerberg da abokansa suka buɗe shi a Fabrairun 2004, ɗaliban Jami'ar Harvard kaɗai ke iya rajista. Daga nan aka riƙa ƙara jami'o'i, ta yadda duk ɗalibin da ya shiga zai tarar da 'yan ajinsu a ciki. Sai a Satumban 2006 aka buɗe ƙofa ga duk wanda ya kai shekara 13. Google kuwa, duk da kuɗinsa da injiniyoyinsa, ya fito da Google+ a 2011, mutane suka yi rajista, suka leƙa ba su ga nasu suna hira ba, suka koma inda suka fito. An rufe shi ga jama'a a 2019. Wani dandalin na kamfanin, Orkut, bai yi wani tasiri a Amurka ba, amma ya samu karɓuwa ƙwarai a Brazil da Indiya, don can ne jama'a suka taru a kansa.

Wannan dalilin ne kuma ke hana fita. A farkon 2021, da WhatsApp ya sanar da sauya ƙa'idojin sirri, mutane da yawa sun fusata sun sauke wasu manhajojin hira, Signal da Telegram. Kaɗan ne suka goge WhatsApp ɗin, domin dangi da abokan ciniki suna nan ba su motsa ba.

Tsohuwar sanayya

Ana yawan zaton neman sababbin abokai ke kai mutane can, bincike kuwa bai cika goyon bayan haka ba. A 2007 Nicole Ellison da Charles Steinfield da Cliff Lampe sun wallafa nazarinsu a kan ɗaliban Jami'ar Jihar Michigan, inda suka gano cewa ɗaliban sun fi amfani da Facebook wajen riƙe alaƙa da waɗanda suka riga suka sani a zahiri, kamar abokan sakandare. Irin wannan sanayya ta nesa-nesa tana da amfanin da ba a cika lura da shi ba. Tun a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda ba su cika haɗuwa ba, saboda aminin kusa abin da ka sani shi ma ya sani.

A ƙasar Hausa

Matasan Najeriya da yawa sun fara ne da 2go, manhajar hira daga Afirka ta Kudu da ke aiki a ƙananan wayoyi ba tare da cin data sosai ba. Yau WhatsApp ya zama wurin sanar da ɗaurin aure da haihuwa da rasuwa. A guruf ɗin dangi ake fitar da anko, ake tara gudummawa, kuma wanda ba ya ciki shi ne zai ji mutuwa bayan sadakar uku, a ce masa ba ya zumunci. Saƙon murya ya shigo da waɗanda ba su yi boko ba, har da tsofaffi. Ga kuma sana'a: matar aure tana ɗakinta za ta ɗora hoton atamfa ko turaren wuta da farashinsa, mai so ya tura kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya. Marubutan labaran Hausa ma sun samu masu karatu ta nan, wasu suna biya kafin a saka su a guruf.

Labarai da neman suna

Wasu kuwa, labarai da siyasa ne suka kawo su. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ta adawa da rundunar 'yan sanda ta SARS, a Twitter aka fi shirya ta, kuma da gwamnatin Najeriya ta dakatar da dandalin daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da yawa sun zagaya ta manhajar VPN, mai ɓoye ƙasar da mutum yake, sun ci gaba da shiga.

Akwai kuma son a san da mutum. Facebook ya ƙara maɓallin nuna so a 2009, yabo ya koma abin ƙirgawa. Amma wannan ya fi bayyana abin da ke zaunar da mutum bayan ya shiga, kuma da gangan aka tsara shi. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa sun gina dandalin ne don ya cinye lokaci da hankalin mai amfani da shi gwargwadon iko. Rajista kyauta ce, kuɗin kamfanin daga talla yake fitowa.