The Block, unguwar Aborijin a Redfern

The Block wata ƴar unguwa ce a Redfern cikin birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, tituna huɗu ne kacal suka zagaye ta, Eveleigh da Caroline da Louis da Vine, dab da tashar jirgin ƙasa. Wurin asalinsa ƙasar kabilar Gadigal ce tun kafin zuwan Turawan Ingila a 1788. Duk da ƙanƙantarta, in ana zancen gidajen Aborijin, wato ƴan asalin Ostireliya, a cikin birane da wuya a tsallake ta.

Tun wajen shekarun 1920 Aborijin suka rinƙa shigowa Redfern daga karkara saboda aikin da ake samu a garejin gyaran jiragen ƙasa na Eveleigh, kuma haya da araha, daga baya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1967 kan matsayin Aborijin a kundin tsarin mulki sai kwararowar ta ƙaru sosai. Nan aka buɗe ofishin lauyoyi na Aborijin a 1970 da asibitinsu a 1971, su ne irinsu na farko a ƙasar. To amma samun gida shi ne aiki, masu gidaje ba sa son ba su haya, wasu a kango suke kwana ƴan sanda na kamawa, wasu kuma a cocin Katolika na Fada Ted Kennedy.

A farkon shekarun 1970 wani kamfanin gine-gine ya sayi tsofaffin gidajen wurin zai gyara ya saida wa masu kuɗi, ƙungiyar leburorin gini ta ce mambobinta ba za su taɓa aikin ba, su Bob Bellear (wanda daga baya ya zama alƙali Ba'aborijine na farko a ƙasar) suka matsa wa gwamnatin Firayim Minista Gough Whitlam, a 1973 ta ba da dalar Ostireliya dubu 530 aka fara sayen gidajen da sunan Aboriginal Housing Company, kamfanin gidaje na Aborijin da kansu. Fili a tsakiyar birni ya dawo hannun masu shi, ba ƙaramin abu ba ne a lokacin.

Sai dai abin bai ɗore yadda aka so ba. Garejin Eveleigh ya rufe a ƙarshen shekarun 1980, aiki ya yi wuya, kuɗin gyaran gidaje babu, hodar iblis ta hiroyin ta shigo a shekarun 1990 ta lalata unguwar. Kamfanin gidajen da kansa ya fara rushe gidaje yana maida iyalai wasu unguwanni. A Fabrairun 2004 kuma wani yaro Ba'aborijine ɗan shekara 17, TJ Hickey, ya mutu bayan ya faɗo daga keke ya soku a shingen ƙarfe, danginsa suka ce ƴan sanda ne suka biyo shi, ƴan sanda suka musa, aka kwana ana tarzoma. A shekarar ne gwamnatin jihar New South Wales ta kafa hukumar raya Redfern da maƙwabciyarta Waterloo, lokacin kuma farashin fili a wurin ya fara tashi ba kama hannun yaro.

Shirin sake gina The Block, mai suna Pemulwuy, sunan wani jarumin Aborijin da ya yaƙi Turawa, ya yi alkawarin gidaje 62 masu sauƙin haya. Rigimar ita ce wanne za a fara ginawa, kamfanin gidajen ya ce ba shi da kuɗi sai an fara da shaguna da masaukin ɗalibai. Ranar 26 ga Mayun 2014 ƴar fafutuka Jenny Munro da wasu dattijai mata Aborijin suka kafa tantuna a filin suka ce ba inda za su, suka zauna sama da shekara guda, sai a 2015 da gwamnatin tarayya ta sa dala miliyan 5 don gidajen suka tashi. Abin da ya fi ciwo a rigimar nan, ɓangarorin biyu duk Aborijin ne.

Gidajen 62 dai an gina su, a gefensu kuma ga dogon bene mai hawa 24 na ɗalibai kusan 600 da aka amince da shi a 2019, an ba da shi haya na shekara 99. Iyalai da yawa da aka tasa tun farko suna can unguwannin yammacin Sidni masu nisa, wasu kuma a gidajen gwamnati na Waterloo, su ma tun 2015 aka sanar za a rushe a sake ginawa.