Ƙalubalantar sallamar soja bisa hujjar taɓin hankali

Ƙalubalantar sallamar soja bisa hujjar taɓin hankali hanya ce da tsohon soja, ko magadansa, ke bi don a sake duba takardar da aka tuɓe masa kaki da ita, idan dalilin da aka rubuta a kanta larurar ƙwaƙwalwa ce, ko kuma idan larurar ce ta jefa shi cikin laifin da aka kore shi a kai. Mai ƙorafi ba kasafai yake cewa lafiyarsa ƙalau ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne sunan da likita ya ba ciwon, da lokacin da aka ce ya fara. In an rubuta cewa da ciwonsa ya zo daga gida, runduna ta tsame hannunta ke nan. In an rubuta cewa a bakin aiki ya same shi, to akwai magani, akwai fansho, akwai haƙƙin iyali.

Sunan ciwo da abin da ke bayansa

Ciwo biyu ake yawan rikitawa. Na farko shi ne firgicin da ke bin bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan PTSD. Mutum ya ga mutuwa da idonsa, ya dawo, amma abin bai sake shi ba: mugun mafarki, zabura da ƙarar ƙofa ko ta babur, gudun duk abin da zai tuna masa da ranar, saurin fushi, rashin barci. Likitoci ba sa kiran sa da wannan suna sai alamomin sun wuce wata guda, kuma wani lokaci ba sa bayyana sosai sai bayan wata shida ko fiye. Sunan ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, amma ciwon ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Likitan Ingila Charles Myers ya yi rubutu a kansa tun 1915. A yaƙin duniya na farko rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwantaka, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan iyalansu sun daɗe suna cewa da yawansu marasa lafiya ne.

Na biyu shi ne karkacewar hali, wato ɗabi'a mai tsauri da ke bayyana tun ƙuruciya ko farkon balaga, ta zauna wa mutum, ta hana shi zaman lafiya da jama'a. A nan gizo ke saƙar. Tunda ma'anar ciwon kanta ta ce tun ƙuruciya yake farawa, duk sojan da aka liƙa wa wannan suna an riga an yanke cewa ba yaƙi ne ya taɓa shi ba. Ga shi kuma alamomin biyun suna kama da juna a idon mai gaggawa: fushi, faɗa da na gaba, ƙin fita fareti, shaye-shaye. Buguwar ƙwaƙwalwa daga fashewar bam ita ma tana iya kawo irin wannan sauyin hali. Likitan da ya zauna da soja na ɗan lokaci, bai tambayi iyayensa ba, bai duba yadda aikinsa yake kafin a tura shi daga ba, da wuya ya raba su yadda ya kamata.

Amurka

A Amurka ne aka fi tona wannan batu, don haka mafi yawan ƙa'idojin da aka sani daga can suka fito. Sallama a can iri biyar ce: ta girmamawa, ta gama-gari, wadda ba ta girmamawa ba, ta mugun hali, da ta wulaƙanci. Biyun ƙarshe kotun soja ce kaɗai ke yanke su. Ana rubuta irin sallamar da dalilinta a takardar da ake kira DD-214, wadda masu ɗaukar aiki ke nema su gani. Mutum yana iya samun sallama mai kyau amma a ƙasanta a rubuta karkacewar hali, kalmar ta yi ta bin sa duk inda ya nemi abinci.

A 2007 ɗan jarida Joshua Kors ya buga labarin Jon Town a mujallar The Nation. Roka ta fashe kusa da Town a Ramadi ta Iraƙi a 2004, ta lalata masa ji, har aka ba shi lambar girma ta waɗanda suka ji rauni a yaƙi. Daga baya aka sallame shi da hujjar karkacewar hali, aka kuma nemi ya mayar da wani ɓangare na kuɗin sabunta kwantiraginsa. Majalisar dokoki ta saurari bahasi a kan lamarin a 2007. A 2008 ofishin binciken gwamnati, GAO, ya gano cewa rundunoni ba sa cika bin ƙa'idojinsu kafin su yi irin wannan sallama, ma'aikatar tsaro kuma ta tsaurara sharuɗɗa ga waɗanda suka je fagen yaƙi: dole wani likita na biyu ya tabbatar, babban likitan runduna ya sa hannu, a kuma duba ko PTSD ne. Ƙungiyar ƴan mazan jiyan Biyetnam ta fitar da rahoto a 2012 da ya ce sojoji sama da 31,000 aka sallama da wannan hujja tsakanin 2001 da 2010, kuma da aka toshe wannan ƙofa sai sallama da hujjar kasa sabawa da yanayi ta ƙaru.

Ɗaya fuskar ita ce kora saboda laifi. GAO ya ba da rahoto a 2017 cewa cikin sojoji 91,764 da aka kora kan rashin ɗa'a daga 2011 zuwa 2015, kashi 62 cikin ɗari likita ya riga ya same su da PTSD, ko buguwar ƙwaƙwalwa, ko wata larura mai alaƙa, cikin shekara biyu kafin korar. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da komanda ke gani a matsayin taurin kai sau da yawa rauni ne marar jini.

Ƙofofin ƙorafi biyu ne. Ta farko kwamitin sake duba sallama, wanda dokar 1944 ta kafa. Ana cike masa takardar DD-293 cikin shekara 15 daga ranar sallama. Yana iya ɗaga darajar sallama ya kuma sauya dalilin da aka rubuta, amma ba ya taɓa hukuncin babbar kotun soja, ba ya kuma mayar da sallama ta koma ritayar rashin lafiya. Ta biyu kwamitin gyara kundin soja, wanda ya samo asali daga dokar 1946. Takardarsa DD-149 ce, wa'adinsa shekara uku daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma yana da ikon ɗage wa'adin idan adalci ya buƙaci haka, kuma hannunsa ya fi na farko tsawo. Wanda bai gamsu ba yana iya zuwa kotun tarayya. Abin da ake nema ba ƙarami ba ne: sojan da aka auna naƙasarsa ta kai kashi 30 cikin ɗari ritaya yake samu, wanda bai kai ba sau ɗaya ake biyan sa a sallame shi.

Shekara da shekaru waɗannan kwamitoci suna watsi da mafi yawan ƙorafin masu PTSD, musamman ƴan Biyetnam da aka kora tun ciwon bai da suna. A Maris 2014 Conley Monk da wasu tsofaffin sojoji suka shigar da ƙara da taimakon ɗaliban lauya na jami'ar Yale. A Satumba na shekarar sakataren tsaro Chuck Hagel ya umarci kwamitocin su riƙa sassauci wajen auna irin wannan ƙorafi. Umarnin da Anthony Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, ya fitar a Agusta 2017 ya faɗaɗa shi zuwa sauran larurorin ƙwaƙwalwa da fyaɗe da cin zarafi, ya kuma tsara tambayoyi huɗu: shin akwai larura ko wani abu da ya faru da zai iya zama uzuri, shin a lokacin aiki ne, shin da gaske ya zama uzurin laifin, shin kuma ya rinjayi dalilin korar. Ya yarda cewa maganar mutum ita kaɗai tana iya zama hujja, haka ma shaidar dangi da abokai da malaman addini. A 2021 rundunar ƙasa ta yi sulhu a shari'ar wani tsohon soja mai suna Kennedy, ta amince ta sake duba dubban ƙorafe-ƙorafen da ta ƙi, rundunar ruwa ma ta bi sahu a shari'ar wani tsohon soja mai suna Manker a 2022.

Tsarin Faransa

Faransa tana auna lafiyar soja da ma'aunin SIGYCOP, harafin P na ƙarshe shi ne na hankali, kuma wanda aka ba maki 4 a wannan harafi, wato P4, bai cancanci aiki ba. Kwamitin reforme ne ke duba wanda rashin lafiya ya hana shi ci gaba. Haƙƙin fanshon naƙasa ya kafu da dokar 31 ga Maris 1919, amma sai da dokar zartarwa ta 10 ga Janairu 1992 aka tsara yadda za a auna ciwon hankali na yaƙi, aka lissafa firgicin yaƙi cikin raunuka. Tun Nuwamba 2019 mai ƙorafi kan fanshon naƙasa sai ya fara da kwamitin ɗaukaka ƙorafi kafin ya je kotun harkokin mulki.

Ƴan mazan jiyan Afirka sun san wannan tsari ta wata fuska mai ɗaci. Dokar kasafin kuɗi ta ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulkin Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu, kuma cikakken daidaito bai zo ba sai 2011. Shari'arsa ba ta taɓin hankali ba ce, amma ta nuna cewa takardar da hukumar soja ta rufe tana sake buɗuwa, ko da bayan shekara arba'in.

Nijar da Maraɗi

Rundunar sojan Nijar, da aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961, ta ga yaƙi mai tsanani a shekarun baya-bayan nan: Boso a yankin Difa a 2016, Inates a Disamba 2019 inda sojoji 71 suka kwanta dama, Shinagodar a Janairu 2020 inda aka rasa 89. A kudancin jihar Maraɗi, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, sojoji da jandarmomi da gardi suna fama da ƴan bindigar kan iyaka masu satar mutane da shanu. Ana ƙidaya matattu, ana yi musu addu'a. Wanda ya kwashe gawar abokinsa ya dawo da ƙafarsa ba ya cikin lissafi, alhali shi ne wannan batu ya fi shafa.

Nijar ta gaji shari'ar harkokin mulki irin ta Faransa. Sallama ko kora shawara ce ta hukuma, kuma shawarar hukuma ana iya neman soke ta. Ana farawa da rubuta wa wanda ya sa hannu ko na sama da shi, sannan a je gaban alƙalin harkokin mulki da hujjar cewa an wuce gona da iri, ko an tsallake ƙa'ida, ko an gina shawarar a kan abin da ba haka yake ba. A 2023 an kafa kotun da ake kira Cour d'État, ta gaji aikin tsohuwar kotun ƙoli ta harkokin mulki. Wa'adin irin wannan ƙara gajere ne, yakan fara gudu daga ranar da aka miƙa wa mutum takarda, don haka ganin lauya da wuri ya fi komai.

A nan ne al'ada ke shiga tsakani. A Maraɗi, in soja ya dawo ba ya barci, yana zabura, yana faɗa da matarsa, abin da ake fara cewa shi ne iska ta buge shi, ko an yi masa sammu saboda hassadar galan. Sai a nufi malam don ruƙiyya da rubutun sha, wasu su nufi masu bori. Neman sauƙi wurin malam ba laifi ba ne, kuma da yawa suna samun natsuwa a can. Illar ita ce watanni su shuɗe babu likitan da ya rubuta komai, ranar da za a tambayi yaushe ciwon ya fara kuma babu takarda ko ɗaya. Ga kunya: kalmar mahaukaci tana hana aure, tana taɓa ƙannen mutum mata, shi ya sa dangi ke rufa asiri. Ambaton Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, kaɗai yakan sa a fasa tafiya. Shi kansa sojan ya fi son a ce mai taurin kai ne da a ce ya taɓu, sai ya sa hannu a duk abin da aka miƙo masa don ya bar bariki da sauran mutuncinsa.

Hujjojin da ke aiki

Ƙorafi mai ƙarfi yana nuna mutum biyu ne, na kafin daga da na bayanta. Takardar gwajin lafiya ta ranar ɗaukar soja ita ce ginshiƙi, domin runduna da kanta ta ce lafiyarsa ƙalau a ranar, kuma a dokar Amurka ana ɗaukar soja lafiyayye ne tun shigarsa sai an kawo ƙwaƙƙwarar hujjar akasin haka. Sai makin aiki na shekara-shekara, da takardun yabo da ƙarin girma, da umarnin tura shi fagen fama mai ɗauke da kwanan wata. Mutumin da ya yi shekara bakwai ba a taɓa hukunta shi ba, sannan ya tara laifi uku cikin wata huɗu bayan wani hari, kundinsa da kansa yana ƙaryata zancen hali na tun ƙuruciya.

Bayan wannan sai ra'ayin likitan ƙwaƙwalwa da ba ya ƙarƙashin komandan da ya yi korar, wanda zai faɗi sunan ciwon ya kuma ɗaure shi da abin da ya faru. Sai shaidar waɗanda suka san shi: mahaifiya, mata, abokin ɗaki a bariki, malamin makarantar boko ko ta allo, limamin unguwa. Shaida mai amfani ita ce mai faɗin abin da ido ya gani da lokacinsa, kamar a ce kafin tafiyarsa shi ke tara yara yana musu wasa, amma tun dawowarsa bayan sallar layya ba ya kwana a ɗaki. Malamin da ya yi masa ruƙiyya ma shaida ne, tunda ya san watan da aka fara kawo shi.

Kada mai ƙorafi ya ɓoye laifin da ya yi, domin yana rubuce a kundi. Ya amsa shi, ya nuna igiyar da ta haɗa shi da ciwon. Kwamitoci sun fi karɓar wannan uzuri a laifuka irin su ƙauracewa aiki da shaye-shaye, sun fi tsauri a laifin da aka shirya shi da gangan ko aka cutar da wani. Duk takardar da za a miƙa a riƙe kwafinta, a kuma karɓi shaidar ajiya mai hatimi da kwanan wata, domin da ita ake lissafa wa'adi idan hukuma ta yi shiru.