Waiwaye: Yadda tattakin neman taimako a karkarar Birtaniya ya koma barazana ga duwatsun da ake son karewa

A ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, galibinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchester da Sheffield, suka hau tsaunin Kinder Scout ba tare da izinin masu filin ba. A lokacin attajirai sun killace tsaunin don farautar tsuntsaye, sun zuba masu gadi. An yi artabu, aka ɗaure mutum biyar, ciki har da jagoran tafiyar, Benny Rothman. Ɗaurin ya tunzura jama'a. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu tattaki ta Ramblers, a 1949 majalisa ta yi dokar gandayen ƙasa, wato yankunan karkara da doka ke karewa don jama'a, a 1951 kuma yankin Peak District, inda Kinder Scout yake, ya zama gandu na farko. Sai a shekarar 2000 doka ta ba kowa damar yawo a tsaunuka da fagagen da ba a nomawa a Ingila da Wales, ko da mallakar wani ne.

Bayan an samu hanya, sai tattaki ya zama hanyar tara kuɗi. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya ɗau alwashin tafiya mai wuya, dangi da abokan aiki su yi alkawarin ba da wani abu idan ya kammala, kuɗin su tafi asusun taimako. Shirin karkara na BBC, Countryfile, ya fara irin nasa tattakin a 2015 don asusun yara na Children in Need. Masu kare muhalli sun yi maraba da wannan, domin wanda bai taɓa taka daji ba da wuya ya damu da makomarsa.

Inda matsala ta fi fitowa fili shi ne hawan duwatsu uku da ake kira Three Peaks: Ben Nevis a Scotland mai tsayin mita 1,345, Scafell Pike a Ingila mai mita 978, da Snowdon a Wales mai mita 1,085, duka cikin awa 24. Lissafin da aka saba shi ne awa biyar a dutsen farko, huɗu a na biyu, huɗu a na uku, sauran kuma a mota, tafiyar da ta haura kilomita 700. Wannan lissafi ne ke jefa dutsen tsakiya cikin wahala. Ayarin da ya sauko daga Ben Nevis da yamma ko farkon dare, tsakar dare ko goshin asuba zai isa kwarin Wasdale da ke gindin Scafell Pike, ƙauyen makiyaya tumaki mai siririyar hanya guda. A ƙarshen watan Yuni, lokacin da rana ta fi daɗewa ba ta faɗi ba, ƙananan motocin bas kan yi jerin gwano: ƙarar inji, buga ƙofofi, fitilu, cikar banɗakuna, shara. Kuma saboda kowa na tseren agogo, ba mai tsayawa ya kwana ko ya ci abinci, don haka ƙauyen ba ya cin moriyar komai. Kuɗin da aka tara ma yawanci asibitoci da sauran asusai suke tafiya, dutsen bai ga ko fam ɗaya ba.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce zaizayar ƙasa, kuma ga yadda take faruwa. Ƙasar saman tsauni ba ta da kauri, saiwar ciyawa ce ke riƙe ta. Idan hanya ta yi caɓi, ko ayari ya cunkushe ta, mutane sai su kauce gefe. Ciyawar gefen ta mutu, ruwan sama ya sami hanya, ya kwashe ƙasar zuwa ƙoramu da tafkuna, ya bar tsakuwa mai santsi, masu zuwa su ƙara kaucewa. Cikin 'yan shekaru turbar mutum ɗaya ta zama kwazazzabo irin wanda damina ke ci a gefen gona, har ana hango shi daga nesa. Yankin kuwa ba ya rabuwa da ruwa: ƙauyen Seathwaite, ɗaya hanyar hawa Scafell Pike, yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara. A duhu abin ya fi muni, domin gajiyayyen mutum da tocila ba ya ganin iyakar hanya. Masu saukowa cikin hazo kan ɓace su nufi ramin Piers Gill, inda aka sha asarar rayuka, kuma 'yan sa-kai ne ke fita ceto.

Gyaran aikin hannu ne. Shirin Fix the Fells, wanda ƙungiyar adana filaye da wuraren tarihi ta National Trust da hukumar gandun Lake District, inda Scafell Pike yake, ke ciki, yana tara duwatsu daga yankin a manyan buhuna, jirgi mai saukar ungulu ya kai su sama. Ana binne kowane dutse sosai, shimfiɗaɗɗiyar fuskar a sama, a jera su kamar matakala marasa tsayi, don idan taki ya yi tsawo mutane za su guje shi su koma kan ciyawa. Ana gina magudanai a karkace su tsallaka hanya su fitar da ruwa gefe, sannan a toshe tsofaffin turbobi da manyan duwatsu, a shuka ciyawa. Magudanar da ba a yashe ba, ruwan dare ɗaya ya isa ya rusa aikin wata guda, shi ya sa 'yan sa-kai ke zagayawa da shebur duk shekara.

Daga baya an fara tarukan da dutsen kansa ne ke amfana. Tun 2013 masu sa-kai ke hawa duwatsun uku don kwashe shara, robobi da ɓawon ayaba, wanda sanyin sama ke hana ruɓewa da wuri. A 2016 ƙungiyar masu hawan dutse ta Birtaniya ta tara fiye da fam 100,000 don gyaran hanyoyi. A ganinmu nan ne ma'aunin taro nagari: a taƙaita ayari, a rarraba lokutan tashi, a guji isa ƙauye tsakar dare da ranakun hutu, a zo da ruwan sha, direba kada ya hau dutse, a ware wani kaso daga kuɗin kowane mai tattaki don hanyar da ya taka. Kare kuma, a filayen da dokar 2000 ta buɗe a Ingila da Wales, doka ta ce a riƙe shi da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke kwanci a ƙasa.