Ma'anar "Light" a jikin kwalin sigari

Kalmar Turanci ce mai nufin mara nauyi, kuma mashaya da yawa sun ɗauka irin wannan taba ba ta kai sauran illa ba. Ba haka abin yake ba. Ganyen da ke ciki kusan ɗaya ne da na sauran. Dabarar tana jikin filta, wato audugar nan ta gindin kara, wadda ma ba auduga ba ce, zaren roba ne.

Ɓare takardar da ta naɗe filtar ka ɗaga ta saitin haske, za ka ga layin 'yan ƙofofi kamar hujin allura. Ta nan iska ke shiga ta sirka hayaƙin. Injin gwajin da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta fara aiki da shi a 1967 yana zuƙar mililita 35 cikin daƙiƙa 2, sau ɗaya a minti, kuma ba ya taɓa ƙofofin, don haka sai ya nuna kwalta, wato baƙin dattin da ke cikin hayaƙin, da nikotin kaɗan. Mutum kuwa yatsunsa da leɓɓansa na toshe su ba tare da ya sani ba. Jikinsa kuma na neman nikotin ɗin da ya saba, sai ya zurfafa zuƙa, ya yawaita ta, ko ya ƙara yawan karan da yake sha. Tunda hayaƙin ba ya ƙona maƙogwaro sosai, can ƙasan huhu yake kai shi.

Tsoro ne ya haifi kalmar. Bayan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 ya danganta sigari da kansar huhu, kamfanoni sun nemi abin da zai riƙe mai niyyar dainawa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Philip Morris ya fito da sigarin Marlboro Lights, aka yi ta rububinsa.

Amurka ta hana rubuta kalmar daga 2010, yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya da Nijar suka amince da ita a 2005, ita ma ta nemi a cire ta. Sai kamfanoni suka koma wa launi: Marlboro Lights ya zama Marlboro Gold, ƙofofin filta kuma suna nan inda suke.