Tiyatar Gyaran Hanci

Tiyatar gyaran hanci aiki ne da likitan fiɗa yake yi domin ya sauya siffar hanci, ko ya sake gina wanda cuta ko haɗari ya lalata, ko ya buɗe hanyar numfashi da ta toshe. Likitoci suna kiranta rinofilasti, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar hanci da ƙerawa. Ana raba ta gida biyu, ta magani da ta kwalliya, amma a asibiti rabon ba ya fita sarai, domin wanda ya faɗi daga kan babur hancinsa ya karkace yakan zo da kukan toshewar numfashi da na sauyawar kamanni a lokaci guda.

Tarihi

A Indiya aka fara rubuta bayanin sake gina hanci, cikin littafin likita Sushruta, wanda ya nuna yadda ake yanko fatar kunci a rufe gurbin hancin da aka yanke, kasancewar yanke hanci hukunci ne da ake yi wa masu laifi a wancan zamani. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa dabarar amfani da fatar dantse, inda ake ɗaure hannun majinyaci a jikin fuskarsa na makonni har fatar ta kama. Gyara don kwalliya kuwa ya samu babban ci gaba a 1887, lokacin da John Orlando Roe na Amurka ya yi aikin ta cikin kafar hanci ba tare da ya bar tabo a waje ba, sannan Jacques Joseph na birnin Balin a Jamus ya faɗaɗa fannin daga 1898. Mafi yawan majinyatan waɗannan likitoci Turawa ne masu son a rage musu tudu ko tsawon hanci, kuma a kan irin fuskokinsu aka gina ma'aunan da littattafan koyarwa suka daɗe suna maimaitawa.

Bambancin hanci tsakanin al'ummomi

Kashi ɗaya cikin uku na saman hanci ƙashi ne, sauran kuwa guringuntsi ne da fata ta lulluɓe, akwai kuma shamakin da ya raba kafofin biyu. Masana halittar ɗan Adam sukan raba faɗin hanci da tsawonsa su ninka da ɗari: abin da ya gaza 70 siririn hanci ne, daga 85 zuwa sama mai faɗi ne. Binciken da aka wallafa a 2017 daga Jami'ar Jihar Pensilbaniya ya nuna cewa faɗin kafar hanci yana da alaƙa da zafi da laimar ƙasar da kakannin mutum suka zauna, domin siririn hanci ya fi ɗumama busasshiyar iska mai sanyi kafin ta isa huhu. Ashe faɗin hanci a gaɓar tekun Gini ba aibi ba ne, gado ne na yanayi.

Wannan bambanci yana sauya aikin likita gaba ɗaya. A wajen Turawa da mutanen Gabas ta Tsakiya, yawanci ragewa ake yi, a kankare tudun karan hanci a matse ƙasusuwan gefe. A Gabashin Asiya an fi ɗaga karan hanci, sau da yawa da robar silikon. A wajen yawancin mutanen Afirka ta Yamma kuwa fata tana da kauri da maiƙo, guringuntsin kan hanci yana da laushi, ƙasusuwan gajeru ne, karan kuma a kwance yake, saboda haka ƙari ake bukata fiye da ragi. Idan aka yanke guringuntsi a ƙarƙashin fata mai kauri, fatar ba ta tsukewa ta bi sabon tsarin, sai tabo ya cike gurbin kan hancin ya zama dunƙulalle. Abin da ƙwararru suke yi shi ne su ɗauko guringuntsi daga shamakin hanci, ko bayan kunne, ko haƙarƙari idan ana bukatar mai yawa, su kafa shi kamar ginshiƙi ya tura fatar waje. Rage faɗin gindin hanci, dabarar da Robert Weir ya bayyana a 1892, ita ce inda aka fi yin kuskure, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma idan aka wuce gona da iri kafofin sukan tsuke har numfashi ya yi wuya.

Tsohon ma'aunin da ke cewa faɗin hanci ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu biyu bai dace da yawancin fuskokin Afirka ba, kuma hancin da aka matse don ya bi shi yakan zauna a fuska kamar na aro. Kalmar "hancin baƙar fata" ita ma tana ɓoye abu mai yawa. Wanda ya tsaya a kasuwar Nima ta Akra ko a Aboabo ta Kumasi zai ga Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Badagombe, kowa da irin nasa hancin, wani ma a gida ɗaya.

A zangunan Gana

Sha'awar dogon hanci ta girmi tiyata. Ana yabon budurwa da cewa hancinta har baka, kuma a gidaje da yawa tsohuwar da ke wankan jariri takan ɗumama yatsunta a ruwan zafi ta riƙa jan karan hancinsa a hankali kowace safiya, da fatan ya miƙe. Wannan ba ya sauya abin da gado ya tsara, sai dai yana nuna inda ido ya karkata tun kafin zuwan hotunan Instagram.

Babbar cibiyar tiyatar gyaran jiki a Gana tana Asibitin Koyarwa na Korle Bu a Akra, an buɗe ta a 1997 da taimakon likitan fiɗa Jack Mustardé daga Sikotland, akwai kuma sashe irinsa a Asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Mafi yawan aikinsu na magani ne: ƙuna, raunukan haɗari, tsagewar leɓe da ganda, da gyambon Buruli. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan tiyatar kwalliya, don haka mai so daga aljihunsa yake biya, a asibitoci masu zaman kansu ko a ƙasashen waje irin su Turkiyya. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana ce take rajistar wanda ya cancanci yin aikin likita.

Mahangar shari'a

Malamai sukan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Daga nan suka halatta gyaran abin da ya lalace. A taronta na 2007 a Putrajaya ta Malesiya, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta tiyatar da ke maido da aiki ko siffar gaɓa ta asali, ta kuma hana sauya lafiyayyen hanci don son zuciya ko kwaikwayon wasu, abin da ake dangantawa da aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah.

Jinya da haɗari

Aikin yakan ɗauki sa'o'i kaɗan, galibi bayan an sa majinyaci barci, ana kuma cire abin da aka tallafe hancin da shi bayan kimanin mako guda. Haɗarin ya haɗa da haɓo, shigar ƙwayoyin cuta, toshewar numfashi, karkacewar guringuntsin da aka dasa, da bukatar sake aiki. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tohowa da ake kira kiloid, amma ba kasafai yake fitowa a hancin kansa ba, ya fi kama kunne ko ƙirjin da aka ɗebo guringuntsi, shi ya sa likita yake tambayar ko hujin kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa kumbura. Kumburin kan hanci a fata mai kauri yakan kai shekara ko fiye kafin ya saɓe, kuma sai bayan nan ake duba ko akwai abin da za a sake taɓawa.