Bashin NELFUND da digirin kasuwanci: nawa za ka ci, a shekara nawa za ka biya?

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko Jami'ar Sa'adu Zungur ko Kwalejin Tatari Ali, sai ka ji iyaye a Bauchi suna tambayar juna: wannan kuɗin na NELFUND kyauta ne ko bashi? Bashi ne. NELFUND asusun gwamnatin tarayya ne da ke ba ɗalibai rancen karatu, kuma doka ce ta kafa shi. Ɗalibin da zai karanta harkar kasuwanci ya fi kowa cancantar ya zauna da biro da takarda kafin ya cike fom, tunda lissafin uwa da riba ne zai zama sana'arsa.

Shugaba Tinubu ya fara sa wa dokar hannu a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ka kawo mutum 2 da za su tsaya maka, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ina ɗan manomi daga Ningi zai samo babban ma'aikaci ko lauya ya sa masa hannu? A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, aka cire waɗannan sharuɗɗa biyu, sannan aka buɗe shafin nema a intanet a watan Mayu. Abin da ake buƙata yanzu shi ne lambar JAMB da NIN da BVN da shaidar cewa kai ɗalibi ne a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha.

Bashin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannunka, kai-tsaye ake tura wa makarantar. Na biyun shi ne kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ke faɗawa asusunka na banki, kuma ba dole ba ne ka nema. Babu kuɗin ruwa a kan ko wanne, abin da ya kwantar wa iyaye da dama hankali ta fuskar addini. Abin da ka ci, shi za ka mayar.

Ba za a fara binka ba sai shekara 2 bayan ka gama hidimar ƙasa. Daga nan wurin aikinka zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka yana turawa. Idan lokacin ya yi ba ka da aiki, kana iya neman a ɗaga maka ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa, sai dai wanda aka kama ya yi ƙarya a cikinta yana fuskantar ɗaurin shekara 3. Wanda ya rasu kuwa, dokar ta ba da damar a yafe masa.

To ga lissafin, da alƙaluman misali. A ce kuɗin makarantarka naira 100,000 ne a shekara, shekara 4 ya zama 400,000. A ce kuma ka karɓi 20,000 kowane wata har ka gama: 960,000 ke nan. Jimilla 1,360,000. Ka lura, kuɗin da ya tafi a kan abinci da kati da kuɗin acaba ya ninka na karatun fiye da sau biyu. Idan ka fara aiki a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, za a riƙa cire maka 7,000, kuma sai ka haura shekara 16 kana biya. Da kuɗin makaranta kaɗai ka ci, da ba ka cika shekara 5 ba ka fita. Wanda ya dace da aikin 200,000 zai sauke duka a wata 68.

Wani zai ce ai tsawon lokacin ba asara ba ne, kuma yana da gaskiya. Tunda bashin ba ya haihuwa, kayan masarufi kuma kullum tashi suke, 7,000 ɗin da za ka biya nan da shekara 10 ba za ta sayi abin da take saya yau ba. Amma magidanci mai albashin 70,000, ga haya ga 'ya'ya, ya san zafin rasa 7,000 kowane ƙarshen wata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai na wani ya fi na wani tsawo.

Inda digirin kasuwanci ya bambanta shi ne ba ya zuwa da lasisi kamar na likita ko na mai haɗa magunguna. Masu riƙe da shi suna da yawa, guraben banki da na ma'aikatun jiha kaɗan ne. Shi ya sa masu karatun akanta ke ƙara jarrabawar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kuma wannan wani kuɗin ne daban da ya kamata ya shiga lissafi tun yanzu.

Da yawa kuma kasuwa za su koma, shagon baba a Wunti ko harkar hatsi a Muda Lawal. Tsarin bai manta da su ba: mai sana'ar kansa zai riƙa biyan kashi 10 na ribarsa ta wata. Ribar, ba cinikin ba. Wanda ya yi cinikin miliyan 1 ya ci ribar 80,000, 8,000 ke kansa. Matsalar ita ce yawancin shagunanmu aljihu ɗaya ne, daga nan ake saro kaya, daga nan ake cefane, daga nan ake gudummawar biki. Wanda ba ya rubuta shige da fice ba zai iya nuna ribarsa ba in an tambaye shi.

A ganina, ɗalibin da gidansu ke cikin garin Bauchi, yana kwana a gida yana cin tuwon gida, ya karɓi kuɗin makaranta ya bar na kashewa. Wanda ya taso daga Azare ko Toro, ba shi da kowa a Yalwa, unguwar da ATBU take, sai ɗakin haya, wataƙila 20,000 ɗin ce za ta hana shi ajiye karatun a aji biyu, kuma shi ba zan ce masa kada ya karɓa ba.